Gyambon ciki: yadda ake gwada maganinsa a kan ɓera, da abin da hakan ke nufi gare mu



A kasuwanninmu, da cikin saƙonnin murya masu yawo a WhatsApp, ana yawan jin masu tallar maganin gyambon ciki suna cewa an gwada maganinsu a jami'a kuma ya yi aiki. Sau da yawa maganar tana da tushe, sai dai ba a ƙarasa ta: a kan ɓeraye aka gwada. Mun shirya wannan bayani domin mu san yadda ake yin irin wannan gwajin, abin da yake nunawa, da inda ƙarfinsa ya tsaya. A cikinsa kuma akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙwayoyin da masu bincike ke ɗura wa ɓera don su jawo masa gyambo, danginsu ne muke saye a tire don ciwon jiki in mun taso daga gona.

Mene ne gyambon ciki

Tumbin mutum yana zubo da wani ruwa mai tsananin tsami, wato asid, domin narka abinci da kashe ƙwayoyin cuta. Ƙarfinsa ya isa ya cinye nama. Abin da ke hana shi cin tumbin kansa kariya ce hawa uku. Akwai yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangon tumbin. A ƙarƙashin yauƙin akwai wani sinadari mai aiki kamar kanwa, yana kashe tsamin kafin ya taɓa fata. Sannan akwai jinin da ke gudana yana ciyar da fatar wurin, tana sabunta kanta cikin ƴan kwanaki. Wani sinadari da jiki ke yi da kansa, mai suna furostagalandin, shi ke kula da wannan kariya gaba ɗaya. Ku riƙe sunan, za mu dawo kansa.

In kariyar ta yi rauni, sai asid ya ci bangon ya bar miki, ko a tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Shi ne gyambon ciki, wanda wasu ke kira olsa.

Manyan abubuwan da ke jawo shi biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce ta bakteriya mai suna Helicobacter pylori. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, a Afirka ma abin ya fi haka. Galibi tun ƙuruciya take shiga, ta baki, ta miyau ko ruwa da abinci marasa tsabta. Yawancin masu ita ba su jin komai, kamar mutum ɗaya cikin goma ne takan kai shi ga gyambo. Na biyu shi ne magungunan ciwon jiki da kumburi irin su asfirin, ibuprofen, diklofenak da indometasin. Yunwa da yaji da damuwa suna tsananta zafin, taba kuma tana hana mikin warkewa da wuri, amma tushen cutar a yawancin mutane waɗannan biyun ne. Kuma ba kowane ƙwannafi ko zafin ƙirji ne gyambo ba.

Me ya sa ɓera

Ba a fara ba mutum sabon magani sai an san ko yana aiki, da kuma ko yana da guba. Duniya ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan tsakanin 1957 da 1961, lokacin da aka ba mata masu ciki wani magani mai suna talidomid don tashin zuciya, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannuwa da ƙafafu. Daga nan ƙasashe suka tsaurara doka, gwajin dabbobi ya zama tilas kafin a kai ga mutum.

A fannin tumbi da karnuka aka fara. Ivan Pavlov na ƙasar Rasha ya yi shekaru yana nazarin ruwan tumbin kare, har ya samu kyautar Nobel a 1904. Daga baya ɓera, wato kusu, ya karɓi aikin. Ƙarami ne, abincinsa ba tsada, cikinsa mako uku ne ya haihu, tumbinsa kuma guda ɗaya ne mai zubo da asid irin namu. Akuya da tunkiya ba za su yi ba, domin duk wanda ya taɓa gyaran kayan ciki ya san nasu tumbin ɗaki huɗu ne, aikinsa daban.

Ɓeran gwaji ba irin na rumbu ba ne. Fari ne, ana kiwonsa a keji mai tsabta, an san shekarunsa da nauyinsa da abin da yake ci. Wanda aka fi amfani da shi ana kiransa Wistar, sunan wata cibiya a birnin Filadelfiya ta Amurka inda aka fara kiwon irinsa a 1906. Nauyin wanda ake sawa a gwaji yakan kama daga giram 150 zuwa 250.

Hanyoyin jawo wa ɓera gyambo

Ɓera ba ya kamuwa da gyambo irin namu haka kawai, sai an jawo masa. Hanyoyi biyar ne suka fi shahara.

1. Ɗaure mafitar tumbi. Harry Shay da abokan aikinsa ne suka fito da ita a 1945 a Filadelfiya. Ana sa ɓera barci, a ɗaure ƙofar da abinci ke fita daga tumbi zuwa hanji, sai asid ya taru ya ci bangon. Da ita ake auna maganin da ke rage asid.

2. Barasa tsantsa. Ana ɗura masa kamar mililita ɗaya ta alkol marar gauraye. Cikin awa guda sai ka ga jajayen zanen jini a bangon tumbin. Da ita ake auna maganin da ke ƙarfafa kariya.

3. Maganin ciwon jiki. Ana ba shi indometasin ko asfirin a kan yunwa, bayan awa huɗu zuwa takwas mikin ya bayyana.

4. Wahala. Tun 1936 Hans Selye ya nuna a Kanada cewa ɓeran da ya sha matsananciyar wahala yakan yi miki a ciki. Ana tsare shi a wuri mai sanyi ko cikin ruwa na wasu awoyi.

5. Ruwan tsami na asid asetik. Masana a Japan suka kawo wannan a 1969. Ana taɓa bangon tumbin da shi, ya bar miki mai zurfi da ke ɗaukar makonni. Ita ta fi kama da gyambon mutum, da ita kuma ake auna ko magani na warkar da mikin da ya riga ya kama.

Waɗannan hanyoyi akwai azaba a cikinsu ga dabba, ba wanda ke musun haka. Shi ya sa tun 1959 wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka kafa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: in akwai hanyar da ba ta buƙatar dabba a bi ta, in ba makawa a rage yawan dabbobin, kuma a sassauta musu wahala gwargwadon iko. A jami'o'i akwai kwamitin da ke duba tsarin gwaji kafin a ba da izini.

Yadda gwajin ke tafiya

A ce wani ɗalibi yana so ya gwada sassaƙen wani itace da ake cewa yana maganin ciki. Da fari zai kai reshe da ganye wurin masanin tsirrai a tabbatar da sunan itacen. Sai ya shanya sassaƙen a inuwa, ya daka, ya jiƙa da ruwa ko alkol, ya tace, ya ƙafar da ruwan har ya bar tsantsar abin, ya auna a sikeli.

Kafin komai sai an duba guba. Ana ba ƴan ɓeraye kaɗan awo daban-daban, daga ƙarami zuwa babba, a sa musu ido a ga wanda zai cutar da su. A jami'o'in Nijeriya an fi bin tsarin da wani masani mai suna Lorke ya fitar a 1983, wanda ke buƙatar dabbobi kamar 13 kawai.

Daga nan sai babban gwajin. Ana hana ɓerayen abinci yini da kwana, a bar musu ruwa. A raba su rukuni-rukuni, biyar ko shida a kowane. Rukunin farko ruwa zalla ake ba su. Na biyu a ba su maganin da aka riga aka sani, kamar omeprazol. Sauran rukunai uku a ba su tsantsar itacen, awo ƙarami da matsakaici da babba, misali miligiram 100 da 200 da 400 ga kowane kilo na nauyin jiki. Bayan rabin awa ko awa guda, sai a ɗura wa dukkansu barasar ko indometasin. In lokaci ya cika a sa su barcin da ba su farkawa, a buɗe tumbin, a wanke, a shimfiɗa, a ƙirga mikin a auna tsawonsa da gilashin ƙara girma.

Lissafin ba wuya. A misali, in rukunin ruwa zalla sun samu maki 10 na rauni, waɗanda suka sha itacen suka samu 3, sai a ce itacen ya ba da kariya kashi 70 cikin 100. Wannan adadi shi ne yakan fito daga takardar bincike ya faɗo bakin mai talla.

To ku lura da abu ɗaya a nan. An ba ɓeran maganin ne kafin a ji masa ciwo, aka kuma duba shi bayan ƴan awoyi. Shi kuwa mai gyambo a garinmu ya yi watanni ko shekaru da mikinsa, da ƙwayar cuta a zaune a ciki, kafin ya nemi magani.

Magungunan da suka biyo ta wannan hanya

Magungunan gyambo da ke farmasi a yau duk sun ratsa ta ɗakin dabbobi.

Simetidin: James Black da abokan aikinsa a Ingila sun shafe shekaru suna gwada ɗaruruwan sinadarai a kan tumbin ɓera, suna neman wanda zai toshe saƙon da ke sa tumbi zubo da asid. Na farko da suka samu a 1972 ba shi da ƙarfi in an haɗiye shi. Na biyu ya yi aiki, amma ya rage wa wasu majinyata fararen ƙwayoyin jini, aka ajiye shi. Na uku shi ne simetidin, ya shiga kasuwa a 1976 da sunan Tagamet. Kafin zuwansa, masu gyambo da yawa sai an yanke musu wani ɓangare na tumbi. Black ya samu kyautar Nobel a 1988. Ƙanensa ranitidin ya biyo baya a 1981, amma a 2020 Amurka da Turai suka janye shi daga kasuwa saboda an gano wani gurɓataccen sinadari a cikinsa mai iya jawo kansa. In kuka ga tsohon kwalinsa a tire, ku bar shi a nan.

Omeprazol: kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya haɗa shi a 1979, ya fito kasuwa a 1988. A ƙasashe masu Faransanci an san shi da sunan Mopral. Shi kai tsaye yake kashe famfon da ke fitar da asid, shi ya sa ya fi na baya ƙarfi. Waɗanda suka gabace shi a gidan, gwajin dabbobi ne ya nuna suna taɓa wasu sassan jiki, aka watsar da su kafin su kai ga jama'a.

Mizoprostol: a 1979 André Robert, a Amurka, ya ba ɓeraye furostagalandin ɗan kaɗan, wanda bai isa ya rage asid ba, sannan ya ɗura musu barasa tsantsa ko asid ko ma tafasasshen ruwa, tumbinsu kuma bai lalace ba. Wannan ya nuna ana iya kare tumbi ta hanyar ƙarfafa bangonsa. Maganin da ke aiki ta wannan hanya shi ne mizoprostol, wanda aka sani da Cytotec. Sai dai yana murɗa mahaifa. Ungozomomin asibiti na amfani da shi wajen tsayar da jini bayan haihuwa, amma mai ciki in ta sha shi don ciwon ciki tana iya yin ɓari. Kada a taɓa shi sai a hannun ma'aikacin lafiya.

Inda ɓera bai ba da amsa ba

Ɓera ba mutum ba ne. Ba ya amai, ba shi da jakar matsarmama, kuma jikinsa na sarrafa magani da sauri fiye da namu. Don haka ba a ɗaukar awon ɓera a ninka shi da nauyin mutum kai tsaye. Masana kan raba awon ɓera na kowane kilo gida shida da ɗoriya kafin su kimanta na mutum, shi ma ƙiyasi ne na farawa.

Wani lokaci ɓera kan nuna haɗarin da bai kai haka ba a jikin mutum. A 1984 an dakatar da gwajin omeprazol a kan mutane, domin ɓerayen da aka ba shi da yawa na tsawon shekara biyu sun yi ƙari a tumbi. Bincike ya nuna rashin asid na tsawon rayuwar ɓeran ne ya jawo hakan, aka ci gaba da gwajin, maganin ya samu izini.

Wani lokaci kuma ɓera kan nuna amfanin da ba shi da ƙima sosai. André Robert ɗin nan ya gano cewa in aka ba ɓera wani abu mai ɗan kaifi, ko da barasa ce mai ruwa-ruwa, tumbinsa kan yi shiri, sai barasa tsantsa ta zo ba ta yi masa lahani sosai ba. Ke nan abubuwa da yawa suna iya cin wannan jarrabawa ba tare da sun zama maganin gyambo ba.

Babban misali shi ne na ƙwayar cutar kanta. An yi shekaru ana ɗaure tumbin ɓera ana auna asid, ba wanda ya gano cewa bakteriya ce tushen yawancin gyambon mutane. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta a 1982 daga tumbin majinyata. Marshall ya yi ƙoƙarin sa wa ƴaƴan aladu ita, ba ta kama su ba. A 1984 sai ya shanye ta da kansa, cikin ƴan kwanaki ya fara amai, aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. Sun samu kyautar Nobel a 2005. Sai a 1996 masana a Japan suka samu dabbar da ƙwayar ke kamawa sosai har ta yi mata gyambo, wani ɗan ɓeran hamada na ƙasar Mongoliya.

Saboda haka bayan dabbobi akwai matakai uku a kan mutane, kowane da yardar wanda za a gwada a kansa. Na farko mutane ƴan kaɗan masu lafiya, a ga ko jiki na ɗauka. Na biyu majinyata ɗari ko ɗaruruwa, a nemi awon da ya dace. Na uku ɗaruruwa zuwa dubbai, a gwama shi da maganin da ake da shi. Cikin magunguna goma da suka tsallake gwajin dabbobi suka shiga na mutane, kusan tara ba su kaiwa farmasi.

Itatuwanmu fa

Sanin itatuwa a ƙasarmu daɗaɗɗe ne, masana ma sun ba shi muhimmanci. A 1980 an wallafa wani babban kundi na itatuwan maganin Nijar, aikin wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Adjanohoun. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ana nazarin sinadaran da ke cikinsu. A ƙetaren iyaka kuwa, sassan haɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato suna da ɗakunan kiwon ɓeraye, ɗalibai na yin irin gwajin da muka bayyana. Haka ma cibiyar NIPRD ta Abuja.

A 2005 masu bincike na wannan cibiya sun wallafa cewa ruwan saiwar sabara ya rage wa ɓeraye mikin tumbi da gudawa. A Indiya an samu irin wannan sakamako da ganyen zogale a 1995, da ɗanyun ƴaƴan bagaruwa a 2012. Na bagaruwa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san aikin jima. Sinadarin da ke sa bagaruwa ta kama fata a majemar Damagaram, shi ke kama saman bangon tumbi ya yi masa kamar rufi. Amma shi ɗin dai yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, abin da bai dace da mai ƙarancin jini ko mai ciki ba.

Wannan sakamako abin farin ciki ne, yana nuna akwai abin bi a itatuwan. Matakin farko ne dai na doguwar tafiya. Ga abin da ya faru da wani itacen da ya yi tafiyar har ƙarshe. Ƴan uwa da ke ƙasashen Larabawa sun san jiƙon irƙ-sus, saiwar nan mai zaƙi da ake sha da azumi. A 1946 wani likita a Holan ya lura tana sauƙaƙa gyambo. Aka ciro sinadarinta aka yi magani mai suna karbenoksolon, aka gwada a kan majinyata a Ingila a farkon shekarun 1960, ya kuwa taimaka. Sai dai a jikin mutane ne aka ga yana tara ruwa, yana kumbura ƙafa, yana hawar da jini. Da magungunan da suka fi shi suka zo, aka bar shi. Itace ne, yana aiki, yana kuma da illa, sai da aka bi majinyata aka auna kafin a san iyakarsa.

Don haka in mai talla ya ce an gwada, muna da tambayoyi huɗu. A kan me aka gwada, ɓera ko mutum? Wane ɓangare na itacen, saiwa ko sassaƙe ko ganye? Nawa ake sha, har kwana nawa? Me aka gauraya a cikin garin ko jarkar? Mai maganin gargajiya na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya.

Ƙwayoyin ciwon jiki

A 1971 John Vane ya gano a Ingila cewa asfirin da danginsa suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki yin furostagalandin. Kun ga, sinadarin nan mai kula da kariyar tumbi shi suke tsayarwa. Ciwon baya ya lafa, tumbi kuma ya zauna ba rufi. Allura ma haka take yi, domin ta jini maganin ke isa tumbin.

Waɗanda suka zauna a Nijeriya sun san wasu na zuba garin Indocid, wato indometasin, a abinci don kashe ɓerayen gida. Yana kashe su ne ta hanyar yi musu miki da zubar jini a tumbi da hanji. Mutum ya fi ɓera jure shi, likitoci ma suna rubuta shi da awo in akwai dalili. Amma mu duba yadda muke yi da damina da lokacin girbin hatsi, ko a ramin zinariya: a haɗa diklofenak da ibuprofen, wani lokaci har da deksa, a kora da shayi mai ɗaci tun ba a karya ba, yau da gobe. Wannan bai da nisa da abin da ake yi wa ɓeran keji. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da wanda ya taɓa yin gyambo, da mai haɗa iri biyu.

Ga ciwon jiki na yau da kullum parasetamol ya fi sauƙi ga tumbi, muddin ba a wuce awon da ke rubuce ba, domin yawansa na taɓa hanta. Wanda dole sai ya daɗe yana shan maganin kumburi, kamar mai ciwon gaɓoɓi, ya gaya wa likita, akan haɗa masa da omeprazol don kariya. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya kada ya daina da kansa, ya koma ya yi bayani.

Kanwa kuma, gaskiya ne tana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, domin tana kashe tsami. Ba ta warkar da miki, gishirin da ke cikinta kuma yana cutar da mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai jego.

Abin yi

Mai zafin ciki a ƙasan ƙirji da ya wuce mako biyu, ko wanda ke tashinsa cikin dare, ya je CSI mafi kusa. In gyambo ne, omeprazol akan sha shi da safe kafin a karya, na mako huɗu zuwa takwas. In akwai ƙwayar Helicobacter, sai an haɗa da antibiyotik iri biyu na kwana 10 zuwa 14, a kuma shanye duka ko da an ji sauƙi. In ba a kashe ƙwayar ba, ciwon kan lafa ya sake dawowa. Mai gyambon da bai warke ba ya nemi shawarar likita kafin azumi ya kama.

Alamomin da ba a kwana da su a gida:

- aman jini, ko amai baƙi mai kama da dusar kafe;
- bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta;
- ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya ƙame kamar katako;
- jiri da faɗuwa, tafin hannu da ido su yi fari;
- rama ba dalili, abinci na tsayawa a ƙirji, ko amai da ya ƙi tsayawa.

Ciki in ya ƙame haka, mai yiwuwa mikin ya huda tumbin ne, maganinsa kuma tiyata. Tsakaninmu da babban asibitin ƙasa na Damagaram tafiya ce ta awoyi, don haka a nemi mota tun da wuri, kada a tsaya jiƙo ko jiran gari ya waye.

Ku kuma ƴan uwa na nesa masu aiko da magani ko kuɗinsa, Allah ya saka da alheri. Ku saya a farmasi na gaskiya, ku aiko shi cikin kwalinsa da takardarsa, ku duba ranar lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan magani ɗaya cikin goma jabu ne ko marar inganci. Kada ku aiko wa tsoho da kwalin maganin ciwon jiki ya riƙa sha kullum ba wanda ya duba shi. In Baba ko Inna na kukan ciki, kuɗin mota zuwa likita ya fi musu amfani. In kun kira waya kuma, ku tambaye su ƙwayoyin da suke sha, da launin bayan gidansu, ko da tambayar na da nauyi a baki.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya.